Seferus Ɗan Labda: Sarkin Rum Da Tarihinsa Ke Kan Kwabban Tagulla

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa buɗe rumfa da sassafe, mai saye na farko ya miƙo masa takardar jaka goma a kan kayan dala ashirin, ya san cewa ciniki ba ya tafiya sai da ƙananan kuɗi. To haka abin yake tun zamanin daular Rum. Zinariya da azurfa na sarki ne, da su ake biyan soja, da su kuma ake karɓar haraji. Amma kwabban tagullar da talaka ke sayen burodi da kifi da man zaitun da su, a gabashin daular galibi garuruwa ne ke buga abinsu da kansu, kowane gari da nasa. Gefe guda kan sarki ne, ɗaya gefen kuma sunan garin da abin da yake taƙama da shi. Garuruwa fiye da 500 ne suka yi wannan aiki a cikin shekara wajen 300, kuma su ne masu tara tsoffin kuɗi a Turai da Amurka ke kira kuɗin larduna. A duk tsawon wannan lokaci, ba a taɓa samun garuruwa da yawa suna bugawa ba kamar zamanin wani sarki ɗan Afirka mai suna Saftimiyus Seferus, inda aka lissafa sama da 350.

Shi dai Seferus an haife shi ne ranar 11 ga watan Afrilu na shekara ta 145 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), a birnin Leftis Magna wanda Larabawa ke kira Labda, a bakin teku, sama da kilomita 100 gabas da Tarabulus ta ƙasar Libiya. Finikiyawa ne suka kafa garin, wato fataken teku da suka fito daga inda Labanan take a yau, kuma arzikin garin ya dogara ne a kan man zaitun da kayan da ayari ke fitowa da su daga hamada. Mahaifinsa, Geta, jinin waɗannan Finikiyawa ne, mahaifiyarsa Fulbiya Fiya kuwa kakanninta daga Italiya suka zo. Gidansu gidan masu hali ne, domin kuwa biyu daga cikin dangin mahaifin nasa sun riƙe manyan muƙamai a birnin Rum. Yaron ya tashi da yaren garinsu a baki, ya koyi Latin da Girkanci a makaranta, kuma an ce har ya tsufa ana jin harshen Afirka a cikin maganarsa. Akwai ma wani labari, ko da yake littafin da ya kawo shi ba duka ake yarda da shi ba, cewa bayan ya zama sarki 'yar'uwarsa ta kai masa ziyara, sai Latin ɗinta ya ba shi kunya, ya haɗa mata tsaraba ya mai da ita gida.

Labda ma ta taɓa buga nata kwabbai a zamanin sarakuna Agustus da Tibariyus, da sunan garin a rubuce cikin baƙaƙen Finikiyawa. Sai dai an daina tun fiye da shekara 100 kafin a haifi Seferus, domin a yammacin daular tagullar da ake bugawa a Rum ce ta maye gurbin ta garuruwa. Ke nan garin da ya haifi sarkin ba shi da kwabo ko ɗaya mai ɗauke da kansa.

Yana ɗan shekara 17 ko makamancin haka ya tafi Rum neman sa'a. Da taimakon dangi ya shiga majalisar dattawa a zamanin sarki Markus Awreliyus, daga nan ya yi ta hawa mataki-mataki, yau Sifen, gobe Siriya, jibi ƙasar da ake kira Faransa a yanzu. Matarsa ta fari, 'yar garinsu, ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. A shekara ta 187 ya auri Juliya Domna, ɗiyar babban mai kula da ɗakin bautar birnin Hims na Siriya. Masu ba da labari sun ce ya neme ta ne don ya ji cewa taurarinta sun nuna sarki za ta aura. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, Karakalla a 188 da Geta a 189. A shekara ta 191 aka naɗa shi gwamnan Fanoniya ta Sama, a bakin kogin Danub, da runduna uku a hannunsa.

Daren ƙarshe na shekara ta 192 aka kashe sarki Komodus. Wanda ya gaje shi, dattijo Fartinas, bai cika wata uku ba dogaran fada suka kashe shi. Abin da ya biyo baya kuwa ko a kasuwar kara ba a taɓa ganin irinsa ba: dogaran suka sa gadon sarauta a gwanjo, attajirai biyu suna taya wa juna, har wani mai suna Didiyus Juliyanus ya yi alkawarin ba kowane dogari kuɗin da ya kai dinari 6,250, aka sallama masa. A nan ya kamata mai karatu ya lura cewa dinarin Rum tsabar azurfa ne, ba zinariya ba, ko da yake daga gare shi ne Larabawa suka samo kalmar, mu kuma muka are ta a wurinsu. Dinari 25 ke yin tsabar zinariya guda, dinari guda kuma a ƙa'ida kwabo 16 ne.

Cinikin bai yi albarka ba. Ranar 9 ga Afrilu 193 sojojin Danub suka yi wa Seferus mubaya'a, ya kamo hanyar Rum ba tare da ɓata lokaci ba. Kafin ya iso an riga an kashe mai sayen sarauta. Da shigarsa ya tara dogaran nan ba makami, ya sallame su gaba ɗaya, ya cike gurbinsu da nasa sojoji. Amma da sauran rina a kaba, domin akwai wasu gwamnoni biyu masu runduna da ke son kujerar: Fesenniyus Nijer a Siriya da Kulodiyus Albinus a Birtaniya. Sunan na farkon ma'anarsa baƙi a Latin, ba shi da wata alaƙa da ƙasar Nijar, na biyun kuma daga kalmar fari ya fito. Seferus ya lallashi Albinus da matsayin magajin sarauta, ya juya gabas ya murƙushe Nijer a 194, sa'an nan ya dawo ya gama da Albinus kusa da birnin Liyon a watan Fabrairu na 197. Bayan wannan ya sa aka kashe 'yan majalisar dattawa 29. Ba mutum ne mai mantuwa ba, ba kuma mai yafiya ba ne.

To a nan ne kwabban tagulla suka fara ba da labari. Lokacin yaƙin, kowane gari na gabas sai da ya zaɓi ɓangare, kuma sau da yawa zaɓin ba don son ɗan takara ba ne, don gaba ce da maƙwabci. In wancan gari ya bi wane, to mu wane za mu bi. Antakiya, babban birnin Siriya, ta bi Nijer, sai Lazikiya ta bi Seferus. Bairut ta bi Nijer, sai Sur ta bi Seferus. Nijer ya tura sojoji suka yi wa Lazikiya da Sur ɓarna, amma da Seferus ya ci nasara sai reshe ya juye da mujiya. Ya ƙwace wa Antakiya matsayinta, ya mai da ita tamkar ƙauye a ƙarƙashin Lazikiya na wasu shekaru. Lazikiya kuwa ta zama uwar lardi, daga baya ya ba ta matsayin garin Rumawa, kuma duk wanda ya jera kwabbanta zai ga abin da idonsa: rubutun Girkanci ya koma Latin, an ƙara sunan gidan sarki a jikin sunan garin. Haka ya faru a bakin mashigin Bosfor. Bizantiyum, wato Istambul ta yau, ta yi tsayin daka fiye da shekara biyu a cikin ƙawanya, da ta faɗi aka rushe ganuwarta aka miƙa ta ga maƙwabciyarta Ferintus. Ita kuma Ferintus ta cika kwabbanta da hoton ɗakin bautar da aka ba ta izinin gina wa sarki da na wasannin da ta ƙirƙira da sunansa.

Abin da ke sa masu tarawa son waɗannan kwabbai ke nan. Kuɗin da aka buga a fadar Rum maganar sarki ce. Na larduna kuwa maganar manyan gari ce, su ke zaɓar abin da za a sa: kogin garinsu, gadarsu, ƙofar ganuwarsu, gunkin da suke bauta wa, jirgin ruwa in masu tashar jiragen ruwa ne, wani lokaci har da sunan mai unguwar da ya ɗauki nauyin bugun. Wani ƙaramin garin ma ba a san shi ba sai ta kwabonsa. Ba kullum ake bugawa ba, sai in canji ya yi ƙaranci, ko za a yi babban biki, ko sarki zai wuce da runduna. Aikin kuma da hannu ake yi: maƙeri ya sassaƙa zane a jikin ƙarfe biyu, a sa dunƙulen tagulla a tsakani, a sauke masa guduma. Wani masani Bajamushe mai suna Konrad Kraft ya nuna a littafinsa na 1972 cewa sau da yawa hatimi guda mai kan sarki ya yi wa garuruwa daban-daban aiki, abin da ke nuna cewa maƙera kaɗan ne ke karɓar kwangilar garuruwa da yawa.

Shi kansa Seferus ya san cewa soja ne ya ɗora shi, don haka soja ya fi kulawa da shi. Ya ƙara musu albashi, ya ba su damar zama da matansu, ya kafa sabbin runduna uku, ya girke ɗaya a kusa da Rum. Ya kai yaƙi Iraki, ya ci Mada'in a farkon 198, ko da yake birnin Hadar ya gagare shi har sau biyu. Duk wannan kuɗi yake ci, kuma hanyar da ya bi ita ce wadda gwamnatoci ke bi har gobe: ya rage azurfar da ke cikin dinari daga sama da kashi biyu cikin uku zuwa kusan rabi, ya cike sauran da jan ƙarfe. Tsabar tana nan da sunanta da kamanninta, amma mai awo ya san an taɓa ta. A ganina wannan ita ce babbar ɓarakar da ya bari, domin waɗanda suka zo bayansa sun ci gaba da ragewa, har bayan shekara 60 da mutuwarsa kuɗin azurfar Rum ya koma tagulla mai ɗan shafe a sama.

Tafiyar sojoji ma ta bar sawu. A farkon shekarun 200, ƙananan garuruwa wajen 40 na kudancin Girka suka buga kwabbai da kan Seferus da iyalinsa, wasunsu ba su taɓa bugawa a ƙarƙashin Rum ba. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu an tono su ne a can Siriya, a garin Dura da ke bakin kogin Furat, kuma masana na ganin a aljihun sojoji suka yi wannan doguwar tafiya.

Yanzu ga abin da zai fi jan hankalin 'yan canji. Tunda azurfa ta sarki ce, tagulla ta gari, dole mai dinari ya nemi wanda zai fasa masa. Hukumar gari kan ba wani mutum ko wasu mutane izinin wannan sana'a su kaɗai, ita kuma ta karɓi kasonta. Wani rubutu da aka samu a jikin dutse a birnin Fargamun, tun kafin zamanin Seferus, ya nuna mai canji yana sayen dinari a kan kwabo 17 ya sayar a kan 18, kwabo guda ke nan ribarsa. Inda duk aka ƙayyade farashi kuwa, an san abin da ke biyo baya. A wajen shekara ta 210, Seferus na kan gado, majalisar garin Milasa da ke kudu maso yammacin Turkiyya ta yau ta kafa doka a kan canjin bayan fage. Duk wanda aka kama yana canji ba mai izini ba, za a ƙwace kuɗin a ba mai izinin. In ɗa ne, ya biya dinari 500 ga baitulmalin sarki, 250 ga gari, 100 ga wanda ya tona shi. In bawa ne kuma ubangidansa bai biya masa ba, bulala 50 da ɗaurin wata shida. Majalisar ta koka cewa 'yan tsiraru sun rikita kasuwa har biyan harajin sarki na jinkiri. Wanda ya san yadda farashin banki da na bakin tasha ke rabuwa tsakanin sefa da naira ba ya bukatar a fassara masa wannan doka.

Bai manta da gida ba. A tsakanin 202 da 203 ya ziyarci Afirka, kuma a zamaninsa Labda ta ga ginin da ba ta taɓa gani ba: sabon dandali, katafaren zauren shari'a, titi mai ginshiƙai, gyararriyar tashar jiragen ruwa. Ya yafe wa garin harajin ƙasa, ya sa gumakan garin biyu a jikin kuɗin da ake bugawa a Rum. A bakin hamada kuma an gina sansanonin soja a Bu Nujaim a 201 da kuma Gadamas, domin sa ido a kan hanyoyin da ke fitowa daga Fazzan. Gadamas ɗin nan ita ce dai wadda fatakenta suka riƙa zuwa Kano da Damagaram ƙarnuka da yawa bayan haka.

Matsalarsa a cikin gida take. Ya ɗaukaka wani ɗan garinsu, Falawtiyanus, ya ba shi shugabancin dogarai, ya aurar wa Karakalla 'yarsa Falawtilla a 202. Garuruwa suka yi rububin sa kan amarya a kwabbansu. A 205 aka kashe uban a fada, aka kori 'yar zuwa wani tsibiri, bugun ya tsaya cak, shi ya sa duk mai riƙe da kwabon Falawtilla ya san shekarunsa ba sai an gaya masa ba. 'Ya'yan sarkin biyu kuwa ba sa ga-maciji da juna. A 208, ga tsufa ga ciwon ƙafa, ya kwashe su zuwa yaƙi a arewacin Birtaniya, an ce da fatar zaman sansani zai gyara su. Ana ɗaukarsa a kan makara-makarar sarauta saboda ba ya iya hawan doki. Ya rasu a birnin Yok na Ingila ranar 4 ga Fabrairu 211 yana da shekara 65. Wasiyyar da aka ruwaito ya bar musu ita ce su haɗa kansu, su wadata sojoji, kada su damu da kowa bayan haka.

Ta biyun kaɗai Karakalla ya riƙe. Shekarar ba ta ƙare ba ya sa aka kashe Geta a hannun mahaifiyarsu, aka bi magoya bayansa da kisa, aka ba da umarnin a goge sunansa da fuskarsa a ko'ina. Akwai wani allon zane da aka samo a Masar, yana gidan tarihi na Balin, mai ɗauke da sarki da matarsa da yaran biyu, an kankare fuskar ɗaya. Umarnin ya kai har kan kwabo. A garin Sitaratonikiya, maƙwabcin Milasa, an buga manyan kwabbai masu kai biyu suna kallon juna, Geta da ɗan'uwansa ko da mahaifinsa. Maimakon a narkar da su a yi asarar canji, sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka kankare kan Geta, aka mai da su kasuwa. Irin waɗannan a yau masu tarawa nemansu suke ruwa a jallo, saboda kankarewar ita ce shaidar.

Kuɗin garuruwa bai yi tsawon rai bayan gidan Seferus ba. Da kuɗin azurfa ya lalace, sai ya zama tagullar da ke cikin babban kwabo ta fi ƙimar da aka ba shi, bugun ya koma asara. Garuruwa suka riƙa dainawa, na ƙarshe shi ne Farga a kudancin Turkiyya, a zamanin sarki Tasitus wajen 275. Iskandariyya ta Masar, wadda ke da nata tsarin kuɗi dabam, ta kai wajen 296 kafin sarki Diyokilishiyan ya haɗe kuɗin daular wuri guda.

Ga mai sha'awar farawa, kwabban zamanin Seferus na cikin waɗanda suka fi sauƙin samu. Garuruwa biyu na ƙasar Bulgeriya ta yau, Nikofolis da Markiyanofolis, sun buga su da yawan gaske, har da sunan gwamnan lardi a jikin manyan, kuma ƙanana masu matsakaicin kyau kan tashi a wajen Yuro 20 ko 30, wato jaka 13 zuwa 20. Manya masu hoton gini ko gada kuwa farashinsu ya ninka haka sau da yawa. Ɗan ramin da ake gani a tsakiyar wasu ba lahani ba ne, daga maƙera yake. Koren tsatsar da shekaru suka shimfiɗa musu ita ce adonsu, wanda ya goge ta da toka ko lemun tsami don kwabo ya yi ƙyalli ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Na jabu galibi zubi ne ba bugu ba, ana gane su da layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka kamar na kumfa. Tun 1992 masana na Ingila da Faransa da Sifen suka fara fitar da babban kundin da ke lissafa kuɗin larduna gari-gari, kuma jami'ar Oksfod ta sa shi a intanet kyauta, kowa na iya gwada abin da ke hannunsa da hoton da ke ciki.

Sai dai wannan haja ba kamar goro ko atamfa ba ce. Turkiyya da Bulgeriya da Masar da Libiya duk sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma manyan masu gwanjo a Turai na tambayar takardar da ke nuna hannun da kwabo ya bi kafin ya iso gare su. A 2011, lokacin yaƙin Libiya, an fasa taskar wani banki a Bangazi aka kwashe tsoffin tsabobi fiye da 7,000, mafi yawansu na tagulla, aka kuma sanar da 'yan sandan duniya. Saboda haka in wani ya sauko daga arewa da ƙullin tsoffin kwabbai ya ce a kangon Labda ya tsince su, mai saye ya tuna cewa kangon nan yana cikin wuraren tarihi na duniya tun 1982, kuma ko tsakuwarsa doka ta hana ɗauka. In kuma ya rantse cewa mai kan Seferus ɗin nan bugun Labda ne, to a nan ma ya yi tuntuɓe, domin maƙerar garin ta rufe tun zamanin Tibariyus.